Birkin Baya Ya Ƙi Ci, Kawu Ya Ce Ƙafata Ce

Assalamu alaikum Malam Abdulhamid. Don Allah ka agaje ni da shawara tun ban yi abin da zai raba zumunci ba, don wallahi an kai ni bango.

Ni direba ne. Motar kawuna Alhaji Kalla nake tuƙawa, wan innata, ƙaramar kamiyo ce mai jigilar kaya tsakanin Buza, Karofane da Madawa. Da albasa ta kusa fitowa bana, Alhaji ya kai ta garaji anka ƙara mata lam a baya, ƙarafan nan masu ɗauke da bodi, don ta sha kaya ba ta zauna ba. Kowa haka yake yi a nan. To tun ranar birkinta ya canza. In na taka, gaba kaɗai ke kamawa, baya sai ka ce ba a jikin motar yake ba. Na gaya mishi, wai tsoro ne irin na yaran zamani. Yaro! Ni da furfura ta fara fito ma!

Makon jiya muna gangarowa daga tudu wajen Karofane, mota maƙil da albasa, mata 'yan kasuwa bisa kaya. Na taka, na sake takawa, gaba na ta wari da hayaƙi, mota na tafiyarta. Allah ya sa akwai rairayi a gefen hanya, na karkata ta nutse ciki. Wata tsohuwa, Gogo mai daddawa, ta faɗo ta karye a hannu. Har yau kukanta na cikin kunnena.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da anka buɗe tambur ɗin baya, ƙwaryar birkin da ke cikin taya, sai ga garnitir, takalmin birkin da ke gugarta, wanda anka canza ranar sa lam, sabo fil, ko ƙwarzane babu. Alhaji ya ɗaga shi sama a tasha, gaban abokan aikina, wai kowa ya gani birki lafiya lau yake, ƙafata ce ba ta iya aiki ba. Haba Malam! Ni da na cece su, ni ne kuma mai laifi? Inna kuwa kuka take, wai kar in ja da wanta. Ga shi ranar kasuwa mai zuwa ya ce in ɗauko albasa da mutane, in ko na ƙi in aje makulli. Da wannan motar nake ciyar da gidana. Mi zan yi?

Direban da anka kunyata, daga Buza

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Gogo lafiya, ya kiyaye gaba.

Fushinka na kan hanya, kuma ni ma raina ya ɓaci. Garnitir ɗin da aka ɗaga a tasha shaidarka ce, ba tasa ba. Motar da ta yi jigilar albasa a tuddan ƙasarku ta Adar, birkinta na baya bai ci ba ko kaɗan, ai ba ya aiki ke nan.

Ga abin da nake zato. A ƙarƙashin irin motarka akwai wata 'yar na'ura da ake kira korektar, da sandar ƙarfe mai haɗa ta da gadar baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Idan mota ta zauna da kaya, sai ta buɗe wa tayoyin baya man birki sosai. Idan ba kaya, ta rage. Da aka ƙara lam, mota ta daina zama, na'urar tana ganin kullum wayam take. A sa makanike ya daidaita sandar da sabon tsayin motar. A duba kuma ko iska ta shiga man, ko tiyo ya matse, ko fistan ɗin da ke tura garnitir ya cije. Kada ka yarda a cire na'urar ko a ɗaure ta da waya, don ranar da ka taka ba kaya, bayan motar zai juyo gaba. Lam kuma ba ya ƙara wa birki ƙarfi, dole a rage kaya.

Kawunka ba mugu ba ne, rashin sani ne da girman kai. Kai ma da naka: ka san birki ba daidai yake ba, ka ɗora mata a bisa kaya. Je ka gaida Gogo, ka nemi gafararta.

Kada ka yi musu da shi a tasha. Same shi a gida, ka roƙe shi ya shiga motar, da kaya amma ba fasinja, ku yi ta taka birki a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sai ya kusantar da hannunsa ga tayar gaba, sannan ya dafa tambur ɗin baya. Zai ji ɗaya kamar murhu, ɗaya kamar randa.

In ya ji kuma ya ƙi gyarawa, aje masa makullin cikin ladabi. Za ka iya samun wata motar, innarka ma za ta huce. Gogo da hannu ta tsira, wadda za ta hau ranar kasuwa ba ka da tabbacin haka a kanta. Allah ya buɗa maka, ya daidaita tsakaninku.

Malam Abdulhamid