Gwangwanin Inna Mai Hoton Jirgi

Gude, Kabo

Zuwa ga Yaya Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya shago, yaya Aisha Humaira da yara? Baba yana nan, idon dai ya ƙi, sai lalube.

Na dawo daga suna a Lakwaya na tarar ka zo ka kwashe gwangwanayen ɗakin Baba. Na san wannan sha'awa taka ta tara tsofaffin gwangwanaye, har mutanen Gwarzo suna tsayawa kallo a shagonka. Ban taɓa yi maka dariya ba. Amma Yaya, waɗannan ba na ado ba ne. Irin shukarmu ne a ciki, gauraye da toka don kada ƙwari su ci. Baba bai taɓa rubuta suna a jikinsu ba, da gwangwanin yake gane kowane iri. Na shayi mai hoton giwa, dawa ce farfara. Wanda gefensa ya loɓa, wata dawa ce mai daɗewa a gona. Na alewa mai hoton jirgin ruwa kuwa, gajeriyar dawar nan ce mai nuna da wuri, wadda marigayiya Inna Marka ta zo da ita daga Dugabau. Ita muke ci kafin sauran su nuna.

Ka juye su duka a ƙwarya ɗaya, ka rufe da faifai, wai ka kyauta. Dukkansu farare ne. Na zauna tsinta har idona ya yi ja, ban iya rarrabewa ba. Haka zan shuka, tunda ruwa ba zai jira ni ba.

Ƙanwarka,
Hajjo

Gude, Kabo

Zuwa ga Yaya Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, yaya ƙoƙari? Na ga hoton da ka turo a wayar Muntari maƙwabcinmu. Sun yi kyau a kan kanta, ka goge su sai ƙyalli. Har loɓar nan da Baba yake lalubawa ka sa an buge ta ta miƙe. Sannu da aiki.

Mun yi girbi. Dawar Inna ta fito a warwatse, kai ɗaya nan, kai ɗaya can, ta nuna ita kaɗai sauran suna ɗanye. Tsuntsaye suka gama da ita kafin in zaga gonar. Na je Dugabau gida-gida neman irinta, kowa ya ce ya daina shukata tun da daɗewa, mu kaɗai muka rage. Ban gaya wa Baba ba. Shi ya tambayi sabon tuwo a lokacin da ya saba ci, na sako wata magana, bai sake tambaya ba. Raina ya ɓaci da kai, Yaya, kuma har yau bai huce ba.

Ka ce in tambayi Baba shekarar gwangwanin mai jirgi, za ka rubuta a ƙarƙashinsa. Ba zan tambaye shi ba. Ka rubuta cewa tun ranar da aka kawo Inna gidan nan bai taɓa zama babu iri ba, kuma kai ne mutum na farko da ya ga gindinsa.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hajjo