Waken Iri Ya Tafi Gidan Suna

Baban Ummi,

Na wuce Tsanyawa gidan sunan Ramlat. Ban jira ka dawo daga gona ba, kar mota ta tafi ta bar ni.

Ka yi haƙuri, akwai 'yar magana. Da safe na shiga ɗaki ɗibar waken alalen da zan kai, na tarar da buhu biyu, ɗaya da rubutunka a jiki. Wallahi na duba, na sake dubawa. Wannan ai ba rubutu ba ne, jagwalgwalo ne, sai ka ce kaza ta taka gawayi ta bi ta kan buhun. Na kira Inna, ta ce ƙila hatimi ne ka zana saboda ɓeraye. Ni kuwa na ce waken da aka tsare haka ai shi ne mai kyau. Na ɗebi kwano biyu.

Sai da alale ya dahu Ummi ta dawo daga makaranta, ta karkata kai ta daɗe tana kallo, ta ce wai "IRI NE, KAR A TAƁA" ka rubuta. Allah Ya taimake mu ba ka zuba masa magani ba tukuna.

Saura kwano ɗaya a buhun, ka lallaɓa da shi. Nan gaba ka riƙa ba Ummi gawayin. Ni ma sauri nake yi, amma ka ga nawa yana karantuwa.

Naka alalen yana cikin samira a rufe. Ka ci a hankali, gonar wakenka ta bana ce.

Nazira