Nomau Yana Bayan Danga

Zuwa ga Baturen da ke kula da aikin haƙar rijiyoyi a ƙasar Kankiya da Kusada.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da ladabi. Ni ne Sule na Fakuwa, helma, wato shugaban leburorinka masu haƙa. Na kawo kuka a bainar jama'a, kuma rabin kukan a kaina yake.

Na farko. A cikin mutanena akwai Nomau, gurgu ne, shan inna ya shanye mashi ƙafafu tun yana goye. Da hannu yake tafiya. Amma ranka shi daɗe, a ƙasan rijiya babu mai aiki a tsaye. Wurin matsattse ne, zaune ake sara, kuma Nomau ya fi kowa iya zaman. Mu masu ƙafafu, kafin azahar gwiwa ta sage, muna kiran a jawo mu. Shi kuwa sai mun yi ta roƙo yake kama igiya. Shi ya fasa marmarar rijiyar garin Boko bayan ƙarti sun gaza, shi ya kai ga ruwa a Kafinsoli.

Na biyu, a nan ne laifina. Da ka zo rangadi Kafinsoli bayan kaka, mun share fili, kowa ya sa rigarshi mai kyau. Mu a wurinmu ba a tarbar babban baƙo da abin da zai sa shi kau da kai. Saboda haka na ce wa Nomau ya koma bayan danga har ka wuce. Ya ja jiki ya tafi. Wallahi na zaci mutunta ka nake yi. Sai tafinta ya ce kowane lebura ya tashi tsaye a layi, ka bi kana dubawa, kana ba kowa lambar ƙarfe ta rataya a wuya. Da ka gama aka sanar cewa daga ranar, wanda bai da lamba bai da aiki. Na ji kunyar in ce na ɓoye mutum, na ƙyale ka ka hau motarka.

Na uku. Na biyo ka bariki don in gyara, masinja ya tare ni a ƙofa. Ya ce doka ta ce sai mai cikakkiyar lafiya wanda zai iya tsayuwa a layi. To, ranka shi daɗe, layi muke haƙa ko rijiya? Wanda ya tsara wannan doka bai taɓa leƙa ƙasan rami ba. Kuma ba Nomau kaɗai ta hana ba, har da makahon da ke tufka mana igiyar da muke amince wa da rayukanmu.

Nomau yana da mata da ɗiya ƙanana. Gona ba ta yiwuwa gare shi, haƙa ce nomanshi. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, yanzu kuwa dangi sun fara ce mashi ya tafi bakin kasuwar Kankiya ya zauna kamar sauran guragu. Abin da ya fi ci mani rai, har gobe, kullum da safe yakan zo bakin ramin da muke haƙa, ya gaishe ni da helma, ya zauna yana wasa mana dagi. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Roƙona shi ne a ba Nomau lambarshi kafin a fara rijiyar Fakuwa, a kuma gwada kowane mutum da aikin da zai yi, ko da wace irin halitta Allah ya yi shi. In lambobin sun ƙare, a cire tawa a rataya mashi, ni ina da gona.

Ka tuna ruwan da aka kawo maka a sabuwar ƙwarya ranar nan a Kafinsoli, ka sha ka ce ba ka taɓa shan mai daɗinshi ba a ƙasar nan. Ni na amsa yabon, har da rusunawa. Wanda ya tono ruwan yana bayan danga, yana jin mu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aiki cikin adalci, ni kuma ya ba Nomau ikon yafe mani.

Wassalam.
Helma Sule, Fakuwa.