Kwalin Duwatsun Safiyyah

Zuwa ga Yaya Mu'awiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da mutanen Gyadi-Gyadi baki ɗaya. Ni ina nan Ewekoro, ƙasar Yarbawa, shekara ta goma sha ɗaya ke nan ina fasa dutsen siminti. Baya ya gaji, ƙirji ya cika da ƙura, amma alhamdu lillahi.

Maiɗakinka Huraira ta kira ni. Ta ce ka tarar da 'yata Safiyyah a tsakar gida tana ɗora dutse a harshe, ka ce aljanu ne, ka kira malami ya yi mata ruƙiyya, har ka rantse ran Juma'a kwalin duwatsunta zai tafi bola. To Yaya, idan aljanin da ya koya mata ake nema, ga ni nan, ni ne. A ramin da muke aiki muna tono halittun da suka mutu tun zamanin da, suka zama dutse. Ƙashin da ya zama dutse yana da ƙananan ramuka, in ya taɓa harshe sai ya ɗan kama, tsakuwa kuwa santsi take yi. Abin da take gwadawa ke nan, ba wani abu ba.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Tun rasuwar mahaifiyarta kai kake riƙe da ita, ban manta ba. Kuma da ka ce tarkace ne, rabin maganarka gaskiya ce. Na ga hotunan duwatsun a waya. Duk abin da ta tsinto a tulin tsakuwar masu gini a Tarauni dutse ne kawai. Wanda take cewa akwai ganye a jikinsa, ruwa ne ya ratsa tsaga ya bar zane. Mai kama da ƙwai kuwa marmara ce. Na faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, har ta yi fushi da ni kwana biyu. Na kuma ce ta riƙa wanke dutse, ta gwada da jiƙaƙƙen yatsa, ta bar harshen tunda yana tayar muku da hankali.

Amma ukun da na aika mata na gaske ne: ƙwanson dodon koɗi da layukansa a jere, haƙorin wani babban kifi mai sheƙi, da guntun ƙashi. Sauran ma ita za ta tantance, ta zubar da hannunta, don da haka ake koyo. Ni ina aji uku ka ba Baba shawara a cire ni daga makaranta, na yi shiru, ga inda shirun ya kawo ni. Wannan karon ba zan yi ba. Yarinyar nan karatun duwatsu take so, kuma za ta yi shi. In kwalin ya tsare maka ɗaki, a kai shi Darmanawa wajen 'yar'uwarmu Hafsat, na riga na yi magana da ita. Bola dai ban yarda ba, ban kuma yafe ba.

Ka gaishe min da Huraira, da Bashir, da Hasana, da Malam Bello maƙwabci. Safiyyah kuma ka ce mata ta gyara wuri a kwalin, jiya na tono mata na huɗu.

Ƙaninka,
Isyaku