Tsagar da Na Gani a Ƙarƙashin Gadarmu

Zuwa ga Shagufta, sanyin idona, furen lemon da ke ƙamsasa bakin kanal ɗin ban-ruwa, inuwata a tsakiyar bazara,

Na so in kira ki farin wata, sai na tuna hasken wata na aro ne, naki kuwa naki ne. Kin gani? Ko yabonki zan yi sai na tabbatar!

Kin tuna ranar da na fara zama a rumfar shayin Babanki, a bakin tsohuwar gada? Kina jawo guga daga kanal, cike da mangwaron da ruwa ya sanyaya, ni kuma na hau yi miki bayanin jan bulon da aka gina gadar da shi tun zamanin Turawa. Kika ce, "Injiniya sabon shiga, sha mangwaro, gada ba guduwa za ta yi ba." Wayyo! Wace iska ce ta taɓa kaɗa gonar alkama yadda dariyarki ta kaɗa ni?

Abar ƙaunata, ga abin da na gani. An datse ruwa don yashe kanal, kamar kowane lokacin sanyi, aka tura ni duba ginshiƙan gadar. Na ga tsaga a na tsakiya, hannuna ya shige har wuyansa. Na koma washegari ko idona ne. Ba idona ba ne.

Ranar Litinin zan kai rahoto a hana taraktocin rake da manyan motoci hawa. Direbobinsu su ne masu shan shayin Baba, na sani. Ranar Juma'a kuma kawuna zai zo neman aurenki. Abokin aikina ya ce, "Kai dai ba ka da wayo! Bari a sha shayin baiko tukuna." Amma ba ta kan gadar nan kike wucewa kowace safiya zuwa makarantar da kike koyarwa ba? Yaya zan yi shiru, tarakta na gabanki, ginshiƙi na buɗewa a ƙarƙashinki?

Ba na so Baba ya ji a bakin direbobi. Gobe zan faɗa masa da kaina. Motocin za su koma sabuwar gada ta wajen masana'antar sukari. In ya yarda, ni zan ɗauki bencinansa a ka zuwa can. In ya kore ni, ba zan ga laifinsa ba. Ke dai, kurciyata, kada ki kore ni.

Masu tafiya a ƙafa ba za a hana su ba. In na fito daga wurin Baba, bayan la'asar, zan tsaya a tsakiyar gadar. Ki zo, don Allah, ko da faɗa za ki yi mini. Na yi lissafi, na sake yi: za ta ɗauki mutum biyu.

Naki, da ruwa a kanal ko babu, har ƙarshen numfashina,
Taukir