Na Sha Ruwa da Agogon Kano

Malama Mariyatu, ki taimake ni, bakina ya jawo mini. Ni tsohuwa ce a Unguwar Rogo, nan Sakkwato, karatuna aji huɗu ne, amma ba a yi mini wayau. Jikata Wasila tana koyon gina shafin intanet. Da azumin bana ta yi wani mai nuna lokacin buɗa-baki. Ta ɗauko jadawalin Kano, ta ce rana na jinkirin faɗuwa a Sakkwato da minti sha uku, don haka ta umarci na'ura ta ƙara daƙiƙa ɗari bakwai da tamanin. Ni ko na bi gida-gida ina cewa mun yi ladan a waya.

Ranar farko na tara maƙwabta uku. Waya ta ce lokaci ya yi, muka afka wa ƙosai. Na kai na huɗu, ina ta yabon jikata, sannan ladanin unguwa ya yi gyaran murya. Ashe da Kanawa muka sha ruwa! Tun ranar nake kiranta Ladaniyar Kano, har yara suka ɗauka. To, yau kwana tara ba ta buɗe kwamfuta ba, ta ce ta bar karatun. Ta rantse lissafinta daidai ne, kuma jinina ba ya ƙarya. Ina ƙullin yake, kuma yaya zan maido ta?

Kakar Ladaniya, Unguwar Rogo

Inna, lissafin Wasila daidai ne, awon ne ya saɓa. Na tambayi masu sana'ar. Sun ce a JavaScript, yaren da ake rubuta irin wannan shafi da shi, agogo yana ƙirga da gutsuren daƙiƙa, guda dubu ke yin daƙiƙa ɗaya. Ɗari bakwai da tamanin ɗinta ko daƙiƙa guda ba su cika ba, shi ya sa kuka tsaya a Kano. Ta ninka adadin sau dubu kafin ta ƙara, ko ta yi amfani da setSeconds, wanda ke karɓar daƙiƙa kai tsaye. Sai dai tazarar garuruwan biyu tana ɗan motsi cikin shekara, gara ta nemi jadawalin Sakkwato. Ta kuma gwada shi da kiran salla kwana uku kafin kowa ya gani.

Kuskurenta shi ne rashin gwaji. Naki, Inna, kin yi shela kafin abu ya nuna, kuma kika laƙa mata suna a gaban jama'a. Batun azumin ranar, ku huɗun ku tambayi malami. Sunan kuwa ke kika raɗa, ke za ki soke shi a gidajen da kika kai shi. Sannan ki kai mata wannan amsa, ki zauna kusa da ita har ta buɗe kwamfutar. Ranar gwaji ki riƙe ƙosanki a hannu sai kin ji ladan. Allah Ya yi wa karatunta albarka, Ya bar mata ke.