Akushin Mahaifina da Ya Hau Jirgin Sama Bai Dawo Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke shirya abinci a ƙananan jiragen sama na attajirai, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a sakandare, daga unguwar Magajiya a Suleja, garin da har kwanan baya ake kira Abuja. Ban saba magana a gaban manya ba, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki. Amma Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, wanda yake tuƙa motar kamfaninku, ya yi ta kai maganar nan ofishinku har ya fara jin tsoron aikinsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, yadda abin ya faru. Kafin azumin da ya wuce, wani attajiri ɗan asalin garinmu ya shirya tafiya a jirginsa. Zai sauka Jidda ya yi Umra, sannan ya wuce Ingila. Ya ce a nemo masa dambun nama da alkaki irin na gida, Kawu kuwa ya ce yayarsa, wato Innata, ta iya. Da Inna ta gama aikin, ta ƙi zuba dambun a kwano. Ta ɗauko akushin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ta goge shi da man gyaɗa, ta cika shi, ta rufe da sabon faifai. Kakana ne ya sa aka sassaƙa akushin nan a Izom. A ciki mahaifina ya ci tuwo har ranar da ya kwanta ciwon ajali, kuma tun daga nan ba a fito da shi sai don babban baƙo. A wurinmu in an kai wa mutum abinci, abincin ne nasa, mazubin yakan komo gida. Ko yaron goye ya san haka, shi ya sa Inna ba ta ga dalilin yin gargaɗi ba.

Na biyu, dole in faɗi abin da idona ya gani, don kada a ce ƙorafi kawai na iya. An tafi da ni Kaduna saboda mai dafa abincinku Bature ne, ni kuma ina jin Turanci. Ranka ya daɗe, ban taɓa sanin ana yi wa abinci irin wannan hidima ba. Ɗakin girkinku ya fi asibitin garinmu tsabta. Na ga ƙanƙara da rana tsaka. Na ga ana soka wa kaza wani tsinke don a san zafin cikinta. Baturen ya bayyana mini cewa miya ba ta shiga sai mai kauri, don jirgi yakan girgiza, kuma a can sama harshen mutum ba ya jin gishiri sosai. Ya ɗanɗana dambun, ya sake ɗiba, ya shafa akushin ya ce a hau da shi yadda yake.

Aka bar ni na taka matakalar jirgin na leƙa. Kujeru kamar na ɗakin amarya, darduma mai laushi har ƙafa tana nutsewa, ga wani ɗan murhun lantarki da bai fi akwatin makarantata ba. Kowane faranti da gurbinsa, kowane cokali a ɗaure. A tsakiyar wannan ƙyalli duka aka ajiye baƙin akushinmu, aka ɗaure shi da maɗauri kamar fasinja. Da jirgin ya tashi na bi shi da ido har ya koma kamar shirwa. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Na uku, shi ne abin da ya kawo ni. Jirgin ya dawo, akushi bai dawo ba. Ba mu bin ku bashi, kun sallami Inna yadda ya kamata. Da Kawu ya tambaya, akawunku ya ce dokar Ingila ce, duk ragowar abincin da ya shigo daga wata ƙasa ƙone shi ake yi, wani lokaci har da mazubinsa. Wani ma'aikacin kuma ya ce ya ga matar da ke raba abinci a jirgin ta naɗe shi a tawul ta ɓoye. Maganar ta rabu biyu, mun rasa wadda za mu kama. Daga baya kuka aiko da tire na ƙarfe mai hoton jirgi. Mun gode, yana da kyau ƙwarai, amma yana ƙarƙashin gado ko takardarsa ba a cire ba.

Maƙwabciyarmu, Maman Rifkatu, takan leƙo ta ce, "Inna, Alhaji Akushi bai sauka ba tukuna? Ko ya samu aiki a Landan?" Inna takan yi dariya ta ce ai ya fi mu gata. Amma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ajiye muciya ta fito, ni ce kuma nake ganin fuskarta in ta koma ciki.

Ga roƙona. A binciki ma'aikatan da suka yi tafiyar. Akushin baƙi ne, bakinsa ya tsage a gefe ɗaya an ɗinke da wayar tagulla, ba zai saje da kayanku ba. In an same shi a ba Kawu Sale, kuma don Allah kada a tsananta wa kowa, wataƙila wadda ta ɗauka ceto shi ta yi daga wuta. Sannan nan gaba, in za ku karɓi abinci daga hannun matan gida, ku riƙa gaya musu cewa abin da ya hau jirgi ba lallai ya sauko ba.

In kuwa an ƙone shi, a faɗa mana gaskiya. Mun san yadda ake karɓar ta'aziyya, jiran ne yake da wuya. Abu ɗaya kawai Inna ta ce in tambaya: lokacin da jirgin ya sauka Jidda, akushin yana ciki? Mahaifina ya rasu da burin taka ƙasa mai tsarki, Allah bai nufa ba. Ta ce in kun tabbatar mata akushinsa ya je, ta yafe, za ta kuma fito da tirenku ta fara amfani da shi.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya sa albarka a aikinku, ya sauko da jiragenku lafiya duk inda suka nufa.

Taka mai biyayya,
Rakiya, unguwar Magajiya, Suleja.

Wassalam.